Kafin yaro ya shiga aji ɗaya

A Birnin Ƙonni da Malbaza da Illela, iyaye da dama suna auna gidan renon yara, wanda ake kira jardan, da abu guda: shin yaron ya dawo yana rera haruffan Faransanci? Wannan ma'auni ya yi ƙanƙanta. Abin da ake nema ga ɗan shekara 3 zuwa 5 yana farawa daga bakinsa, cikin harshen da ya sha a nono. Ɗan shekara 3 ya kamata ya haɗa kalmomi uku ko huɗu. Ɗan shekara 4 ya yi maganar da baƙo zai gane, ya tsaya da ƙafa ɗaya, ya faɗi abin da ya gani a kasuwar Badagishiri da tsari. Ɗan shekara 5 ya ƙirga albasar Galmi goma yana taɓa kowace, domin rera lambobi daban, sanin yawa daban. Ya sa rigarsa da kansa, ya jira layinsa a wasa ba da kuka ba. Langa da gaɗa da tatsuniyar kaka duk suna gina waɗannan, kuma ba a biyansu ko dala.

Za a ce ai jarabawa da Faransanci ake yi, gara a fara da wuri. Damuwar gaskiya ce. Sai dai Nijar ta buɗe makarantun gwaji na harsunan gida tun 1973, kuma abin da aka gani shi ne yaron da ya fara karatu da harshensa ya fi saurin kama na biyu. Wanda ya iya warware kacici-kacici da Hausa yana da inda zai rataya sabuwar kalma. Makarantar allo ma tana koyar da zama da saurare da hadda, amma ba ta cika barin yaro ya yi tambaya ba, wannan aikin gida ne.

Sai jiki, wanda aka fi mantawa da shi. Tamowa da zazzaɓin damina da kunne mai ruwa suna danne magana da hankali tun kafin malami ya ga yaro. Tun 2006 dokar ƙasa ta ce a duba ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta, kuma kowace damina ana rabon maganin rigakafin zazzaɓi ga ƴan wata 3 zuwa 59. Yaron da ya cika shekara 3 bai haɗa kalma biyu ba, ko ba ya waiwayowa in an kira shi, a kai shi likita a duba kunnensa, kada a zauna jiran bakinsa ya buɗe.