Ƙaramin Babur Ba Abin Wasa Ba Ne: Raddi Cikin Girmamawa Ga Kakanninmu

Akwai wata magana da ake yawan ji a gidan da kaka ya saya wa jikansa ƙaramin babur, irin wanda sirdinsa bai wuce gwiwar babban mutum ba. Da zarar wani ya nuna fargaba, sai a ce masa, "Haba, wannan ɗan abin? Ai na wasa ne, a bar yaro ya more." Wani ya ƙara da cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, wai wanda ya fara hawa yana ɗan shekara biyar shi ke tashi gwani. Idan uwar yaro ta ƙi sakin jiki, sai a rufe mata baki da cewa abin da Allah ya rubuta ba makawa sai ya faru. Wannan fahimta nake son in yi wa raddi, tare da ganin girman masu ita, domin mafi yawansu iyayenmu ne, kuma ƙauna ce ta sa suka buɗe aljihu.

Babu mai musun abin da ke tsakanin kaka da jika. Dattijon da ya yi wa 'ya'yansa tarbiyya da tsanani, shi ne za ka ga ya zauna a tabarma jika na ja masa gemu yana dariya, yana kiransa abokina. Da yawa daga cikin kakannin yau sun yi ƙuruciyarsu ko keke sai dai na haya, don haka idan Allah ya hore musu, suna son jika ya ɗanɗani abin da su ba su samu ba. Wannan niyya kyakkyawa ce, ba ni da ja a kanta. Inda muka sha bamban shi ne wajen kiran abin da aka saya da sunan abin wasa.

Tarihin babur ɗin kansa ya isa shaida. Ƙaramin babur na farko da kamfanin Honda ya ƙera, a 1961, an yi shi ne domin wani filin shaƙatawa mai suna Tama Tech a Japan, inda ake hawa a keɓaɓɓiyar hanya, ba mota ba mai tafiya a ƙasa. Daga baya ne samfurin Z50 ya bazu, ya zama kyautar da iyaye da kakanni ke yi wa yara a Amurka. Yamaha kuma ta fito da PW50 a farkon shekarun 1980, wanda har yau da shi dubban yara ke fara koyo. Ba ya buƙatar canjin giya, amma injin fetur ne sosai, nauyinsa wajen kilo 40, wato kusan ninki biyu na yaro ɗan shekara biyar ko shida. Masu ƙera shi sun sa masa wani ɗan noti a jikin totur, wanda babba zai murɗa don ya rage gudun da yaro zai iya yi, sun kuma rubuta cewa a hau shi a wajen titi, babba na tsaye yana kallo. Wanda ya ƙera abu ya fi kowa sanin abin da ya ƙera. Da abin wasa ne, da ba su ɗora masa waɗannan sharuɗɗa ba.

Ƙanƙantar babur ba ta rage zafin faɗuwa. Abin da ke raunata jiki shi ne gudu da kuma abin da aka ci karo da shi. Lissafin da ake koyarwa a sakandare ya nuna cewa wanda ya daki bango yana gudun kilomita 30 a awa, daidai yake da wanda ya faɗo daga tsawon mita uku da rabi, kamar daga kan rufin ɗaki ke nan. Idan gudun ya kai kilomita 40, tsawon ya haura mita shida, domin ƙarfin karo yana ninkuwa fiye da yadda gudu ke ƙaruwa. Wane kaka ne zai yarda jikansa ya yi tsalle daga kan rufi kansa ba komai? A gudun kilomita 30, babur yana cin fiye da mita takwas a daƙiƙa ɗaya. Kafin yaro ya hango akuya ta gifta, ya yanke shawara, ya lalubo birki, ya riga ya isa wurinta. Kuma wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai koyon babur ya san abin da firgita ke sa wa: hannu ya ƙanƙame totur, jiki ya yi baya, babur ya ƙara wuta a daidai lokacin da ake son ya tsaya. Ga kuma salansa mai zafi dab da ƙaurin yaron da ya hau da gajeren wando da silifa.

Sai batun hankalin yaro. Ɗan shekara shida yana iya koyon daidaita jiki a kan babur cikin yini guda, abin da ke ruɗin manya ke nan har su ce ya iya. Amma iya riƙe kan babur daban, iya auna gudun abin da ke tahowa daban. Na biyun sai a hankali yake zuwa tare da girma, shi ya sa ko tsallaka babban titi ba ma barin ƙaramin yaro ya yi shi kaɗai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗurran hanya suna kashe mutum kusan miliyan 1.19 a shekara, kuma su ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka, ƙasar da wannan al'ada ta yi ƙarfi, ta daɗe tana gargaɗi cewa irin waɗannan injuna na da haɗari na musamman ga yaran da ba su kai shekara 16 ba.

Masu kafa hujja da icce ɗanye suna da abin da za su nuna, kuma adalci ne a faɗe shi. Marc Márquez na Sifaniya ya samu babur ɗinsa na farko yana da shekara huɗu, ya kuma ci gasar tseren babur ta duniya, MotoGP, a 2013 yana ɗan shekara 20. Valentino Rossi na Italiya, mai kambun duniya tara, shi ma ya yi tseren ƙananan babura yana yaro. To amma a ina suka koya? A filayen tsere da aka killace, ƙarƙashin ƙungiyoyi masu doka, da hular kwano da rigar kariya da safar hannu da takalmi mai rufe ƙafa. Mahaifin Rossi, Graziano, shi kansa ɗan tseren babur ne. Duk da wannan gata, Márquez ya karye a hannun dama a filin tsere na Jerez a 2020, sai da aka yi masa aiki sau huɗu. Abin da ya sa suka gwanance shi ne horo da sa ido na shekaru. Mai tanƙwara icce ba ya sakinsa ya juya baya, hannunsa na kai har ya ɗauki siffar da ake so.

A wajenmu kuwa, ina yaron zai hau? Waɗannan ƙananan babura, na fetur da na batir, sun shigo kasuwanninmu, wasu kuma tsaraba ce daga tafiya. Filin da ke jiransu shi ne lungu: ga kwata a buɗe, ga masu talla, ga a-daidaita-sahu na kurɗowa, ga ƙannensa na rarrafe a ƙofar gida. A jihar Kalifoniya ta Amurka doka ta hana hawa irin waɗannan 'yan mitsitsin babura a kan titi da hanyar masu tafiya a ƙasa. A Najeriya ma sai mutum ya kai shekara 18 ake ba shi lasisin tuƙi, kuma tun farkon 2009 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sa hular kwano. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hular da aka sa daidai tana rage haɗarin rauni a ƙwaƙwalwa har zuwa kashi 74 cikin ɗari. Sau nawa muka ga an kawo wa yaro babur tare da hular da ta yi daidai da kansa?

Akwai wani abu na al'adarmu da ke ƙara wa kaka nauyi a nan, wato alkunya. Uba ba ya iya duban mahaifinsa ya ce, "Baba, ban yarda ɗana ya hau wannan ba," balle idan ɗan fari ne, wanda ko sunansa ba ya kamawa. Suruka kuwa ko da gabanta na faɗuwa, abin da za ta ce shi ne, "An gode, Baba, Allah ya ƙara arziki." Shirun nan ba amincewa ba ne, ladabi ne. Tunda waɗanda za su kwana a asibiti da yaron ba su da bakin magana, kaka ne ya kamata ya yi tunanin a madadinsu. Batun ƙaddara kuma gaskiya ne, mun yi imani da ita. Sai dai malamanmu sun karantar da mu cewa tawakkali yana tafiya ne tare da riƙon sababi, kuma yaro amana ne a hannun manyansa.

Ban ce a hana kaka faranta wa jikansa ba. Keke kyauta ce babba: a kansa yaro zai koyi daidaita jiki da kama birki da duban gabansa, a gudun da ƙafarsa ce ke ba shi. Wanda kuma ya ga lallai sai babur, to ya fara shawara da iyayen yaron a keɓe, yadda za su iya faɗin ransu. Ya sayi hular kwano ta yara da safar hannu da takalmi rana ɗaya da babur ɗin. Ya sa bakanike ya rage totur. Makulli ya zauna a aljihun babba, hawa kuma sai a killataccen fili, ba goyo, ba titi, ba dare.

Iyayenmu kakanni, ku ne ake jin maganarku a gida ba musu. Ina roƙonku, duk wanda ba zai iya cika waɗannan sharuɗɗa ba, ya jinkirta kyautar har yaro ya girma. Allah ya raya mana su, ya ja da ranku ku ga aurensu.