Lakar da ke gudu a ƙasan teku

A garin Mayahi, yashin da ya cika kwarin Gulbin Kaba ruwa ne ya kawo shi, tun zamanin da gulbin ke gudu da ƙarfinsa.

Ƙasan teku ma na da tasa ambaliyar. Ruwan da ya sha laka ya fi na kewaye nauyi, sai ya gangara kwazazzabo a guje. Inda gangara ta ƙare, tsakuwa da yashi su fara kwantawa, laka kuwa ta yi nisa, ta bazu. Hawa kan hawa, shekaru dubbai.

A Janairun 2020, irin wannan kwarara daga bakin kogin Kwango ta wuce kilomita 1,100 cikin kwana biyu, ta tsinke wayoyin intanet na ƙarƙashin teku. Har Najeriya sai da intanet ta yi ta jan ƙafa.