Zane Ba Kayan Shiga Ruwa Ba Ne

Akwai maganar da na gaji da jin ta daga Kanya har cikin garin Zuru, wai ɗiya mai tarbiyya ba ta koyon iyo, don kayan iyo tsiraici ne. Masu faɗar haka su ne kuma ke aza wa yarinya kwanon wanki su tura ta rafi a watan Agusta, lokacin da ruwa ya cika ya batse. Wace irin tarbiyya ce wannan?

Abin da suke gani a waya shi ne bikini, ɗan kamfai da rigar mama da wani Bafaranshe mai suna Louis Réard ya fito da su a 1946. Matan Turai da dama sun ɗauke shi alamar 'yanci. Can su ƙarata, ba wanda ya ce a kawo mana shi. Sai dai ba shi kaɗai ne kayan iyo ba. A 2004 Aheda Zanetti, Musulma haifaffiyar Labanan da ta tashi a Ostireliya, ta ɗinka burkini: wando har idon sawu, riga mai dogon hannu, da hula mai rufe gashi da wuya. Zuwa 2007 har 'yan mata Musulmi masu aikin ceto a bakin tekun Sidni suna sa ja da rawaya irinsa. A 2016 wasu garuruwan Faransa, har da Cannes, suka haramta shi wai alamar tsattsauran ra'ayi ce, sai da babbar kotun harkokin mulki ta dakatar da haramcin Villeneuve-Loubet ranar 26 ga Agusta. Su suna korar mace daga ruwa don ta rufe jiki, mu muna hana ta don kada ta buɗe.

Abin takaicin, kunyar da ake gudu zanen ne ke jawo ta. Atamfa idan ta jiƙe sai ta manne wa jiki, ta nuna duk abin da ake son ɓoyewa, kuma da ruwa ya ja sai ɗaurin ya kwance. Macen da zanenta ya kwance ba ta neman gaɓa, zanen take kamawa da hannu biyu. Dogon hijabi ya fi muni: yana naɗe ƙafa, yana rufe fuska, yana maƙalewa a saiwa. Ranar 26 ga Mayu 2021 jirgin ruwa ɗauke da mutum fiye da 150, da mata da yara, ya kife a Kogin Kwara kan hanyar Warrah. Ruwan bai tambayi kowa tarbiyyarsa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 kusan mutum dubu 300 ruwa ya ci a duniya. A hatsarin jirgi irin na Warrah, lodin wuce kima da rashin rigar ceto su ma suna da nasu kason.

Iyaye mata, Musulmi da Kirista, ba sai kun aika Ostireliya ba. Telan unguwa ya isa. A sayi yadi mara shan ruwa, irin na rigar 'yan ƙwallo, a guji auduga. Wandon ya zama mai roba a ƙugu da idon sawu. Rigar ta sauko cinya, a sa mata igiya ta ciki da za a ɗaure da wandon, in ba haka ba ruwa zai ɗaga ta. A kai hula mai kama kai, ba mayafi mai jela ba. A zaɓi ruwan lemo ko rawaya, don baƙi da ruwan ƙasa ɓacewa suke yi a ruwan damina.

Koyon kuwa a fara shi da rani, inda ruwa bai wuce ƙugu ba, mace babba da ta iya na tsaye, maza sun ba da wuri. Yarinya ta fara iya kwanciya rigingine a kan ruwa tana numfashi kafin a je ga bugun hannu. Duk mai zuwa wanki ta tafi da jarka wadda ba komai ciki, murfinta a ɗaure tam. Idan wata ta zame kada a bi ta, a jefa mata jarkar ko a miƙa gora. Wadda aka ga jini a fitsarinta bayan shiga rafi kuma a kai ta asibiti, tsargiya ce ake zargi, kuma tana da magani.