Kiɗan Tekno da Muryar Daji

Tekno wani nau'in kiɗa ne wanda ba ya bukatar makaɗi ya rataya ganga ko ya riƙa goge, domin da na'urori ake harhaɗa shi. A birnin Ditiroyit na Amurka ya tsiro cikin shekarun 1980, a hannun wasu samari baƙar fata, watau Juan Atkins da Derrick May da Kevin Saunderson. Da tafiya ta yi tafiya, sai wasu suka ga an cika shi da hayaniya, suka shiga sauke masa kaya. Faifan Robert Hood mai suna Minimal Nation, na 1994, yana cikin waɗanda suka share wannan hanya. Abin da aka bari shi ne bugu ɗaya mai kauri, wanda kan faɗo kamar sau 120 zuwa 130 a minti, da 'yan sautuka ƙalilan masu maimaita kansu.

Abin mamaki, wannan kiɗa na birni da ƙarfe shi ne wasu Jamusawa suka ɗauka suka nufi daji da shi. Wolfgang Voigt, mutumin Kolon, wanda ya yi amfani da laƙabin Gas, ya sa wa wani faifansa sunan Königsforst, wani kurmi da ke gefen birninsu. Yakan tsinko guntaye daga tsohon kiɗan Turai na goge-goge, ya ja su, ya jibga wani kan wani har su zama kamar hazo, sa'an nan bugun ya riƙa fitowa daga can ƙarƙashi tamkar sawun mai tafiya a duhuwa.

Amma wanda ya fi tsayawa kan lamarin shi ne Dominik Eulberg, haifaffen yankin Westerwald a 1978, masanin tsuntsaye da tsirrai, wanda har aikin gandun daji ya taɓa yi. A faifansa Heimische Gefilde na 2007, kafin kiɗa ya tashi yakan gabatar da wata halitta da bakinsa, a ji kukanta. Faifan Mannigfaltig na 2019 kuwa kashi 12 ne, kowane da sunan wata halitta mai ɗauke da lamba a sunanta na Jamusanci. Na tara, alal misali, wani ɗan tsuntsu ne mai tsire ƙwarin da ya kama a jikin ƙaya. Manufarsa a fili take: ƙwari da tsuntsayen Turai suna raguwa, mutum kuwa ba ya kare abin da bai san sunansa ba.

To, yaya sauraron yake? Da fari mai sauraro kan ƙosa, ya ce abu ɗaya ake ta nanatawa. In ya yi haƙuri na 'yan mintoci, sai kunne ya saba da bugun ya daina kula da shi, kamar yadda mazaunin bakin rafi kan manta da ƙarar ruwa. A nan ne ƙananan canje-canje ke bayyana: wani sauti ya kusanto, wani ya ja da baya, wani ɗan tsit-tsit ya shigo har a kasa tantance ko gyare ne ko na'ura. Wannan saurare irin na mafarauci ne, ba na ɗan biki ba.

Sai dai ba duk faifan da aka yayyafa wa kukan tsuntsu ke kai wannan matsayi ba. Da yawa ado kawai suke yi da daji, ko an cire tsuntsun kiɗan ba zai rasa kome ba. A wurin Voigt kuwa ba kukan tsuntsu ne abin dogaro ba, amma duhun itatuwan da faɗinsu suna cikin ginin sautin kansa.