Daga Mayo Zuwa Wadi Halfa: Shirin Fataucin Wata Guda A Arewacin Sudan

Yawancinmu 'yan kasuwa, idan aka ce Sudan, gabas da kudu ne ke zuwa mana a rai: Gadarif mai riɗi da dawa, Kassala, Damazin, da Mai Wurno, garin da Muhammadu Bello ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa a gaɓar Shuɗin Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903. Can ne Hausawa suka yi kaka-gida, can ne ake da dangi da masauki. Arewa kuwa, wato daga Omdurman a bi Kogin Nilu har Wadi Halfa da ke bakin iyakar Masar, tafiyar kimanin kilomita 900, ba kowa ne a cikinmu ya taɓa taka ta ba.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF ya sauya wannan lissafi. Da Kartum ta watse, jama'a da jari suka kwarara arewa, zuwa Shandi da Atbara da Dongola, kayan Masar kuma suka riƙa shigowa ta can. Unguwar Mayo da ke kudancin Kartum, inda Hausawa da sauran mutanen yamma suke da yawa, ta ji jiki. Harin da aka kai ta sama kan Kasuwar Goro ranar 10 ga Satumban 2023 ya hallaka mutum sama da 40. Sojoji sun karɓe birnin a watan Maris na 2025, kuma tun daga lokacin tambaya ɗaya ke yawo tsakanin masu neman farfaɗo da jarinsu: shin mutum zai iya ware wata guda ya zagaya arewa ya ga kasuwa da idonsa? Amsar da muke bayarwa ita ce zai iya, amma takardunsa da mai masaukinsa sun fi kuɗin da ke aljihunsa muhimmanci.

Bari mu fara da takardun, domin nan ne ake tuntuɓe. Tun kafin yaƙi, baƙon da ya shigo Sudan da fasfo sai ya yi rajista da 'yan sanda cikin kwana 3, ɗaukar hoton gada ko barikin soja ko tashar jirgi kuwa laifi ne. Da yaƙi ya zo, shingayen bincike suka ƙaru, kuma ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam sun yi ta kokawa tun daga 2024 kan abin da ake kira dokar baƙuwar fuska, inda ake tsare mutum don kamanninsa ko garin da ya fito, a zarge shi da yi wa RSF leƙen asiri. Bahaushen da takardarsa ta nuna Mayo, unguwar da ta yi kusan shekara 2 a hannun RSF, ya sa a ransa za a yi masa tambayoyi. Ɗan ƙasa ya riƙe lambarsa ta ɗan ƙasa, baƙo ya riƙe fasfo mai biza da rajista, kowa ya yi kwafi da yawa. Sannan ya san sunan wanda zai sauka wurinsa a kowane gari da lambar wayarsa. Wannan ba sabon abu ba ne a wurinmu. Fataken goro na Gwanja ba sa shiga gari sai da fatoma. Bambancin kawai shi ne, a da fatoma ciniki yake haɗa maka, yanzu kuwa shi ne zai zo ya tsaya maka a ofishin tsaro.

Ga 'yan'uwanmu na kasuwannin iyakar Nijeriya da Nijar da Chadi, sai su cire tsohuwar hanyar alhazai daga lissafi. Bi ta Adre zuwa Al-Jinaina da Al-Fashir ya zama shiga bakin kura, musamman bayan da Al-Fashir ta faɗa hannun RSF a watan Oktoban 2025. Mai son zuwa arewa daga waje, ta Port Sudan ko ta Masar zai shigo.

Sai lokaci. Daga Mayu zuwa Satumba zafin arewa yana haura digiri 45, ruwan sama kuwa wasu shekarun ko ɗigo ba a gani. Ana yankan dabino a Satumba da Oktoba, zuwa Nuwamba ya bushe an zuba shi a buhuna, rana kuma ta yi sauƙi. Don haka daga Nuwamba zuwa Janairu ne lokacin tafiya, sai dai a tafi da bargo, don sanyin dare a hamada bai san baƙo ba. A 'yan shekarun nan azumi na faɗowa a ƙarshen sanyi, a 2026 cikin Fabrairu ya kama, saboda haka wanda ya sayi dabino a Disamba ya sha gaban masu rububin azumi.

Hanyar da muke ganin ta fi dacewa ita ce a tafi ta gabashin kogi, a dawo ta yamma. Kafin a tashi, a ba Omdurman kwana 3 a zagaya kasuwa a rubuta farashin dabino da wake da albasa, domin da wannan ma'auni za a san ko abin da aka tarar a arewa riba ne. Titin Kartum zuwa Atbara, wanda ya ratsa ta matatar mai ta Jaili, ya daɗe a toshe sai da sojoji suka karɓe matatar a Janairun 2025. Shandi ce zango na farko, ƙasar ƙabilar Ja'aliyyin, garin albasa da waken ful. Gaba kaɗan akwai Bajrawiya, inda dalolin sarakunan Kush na Merowe ta dā suke a tsaye cikin rairayi, kamar dalar gyaɗar Kano amma na dutse. Hukumar UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya a 2011. Rabin yini ya isa.

Atbara, kimanin kilomita 310 daga Kartum, ita ce cibiyar jirgin ƙasa, kuma mararrabar hanyar Port Sudan. Nan ya kamata a daɗe, ko da kwana 5 ne. Arewa da ita, bayan Barbar, akwai Abidiyya, sannan Abu Hamad, kasuwannin da masu haƙar zinari ke kawo dutse a niƙa. Mun san wannan ne ke jan hankalin samarinmu da yawa, don haka za mu faɗi gaskiya. Ana wanke zinarin da zaiba, wadda guba ce, ramuka kuma suna ruftawa da mutane kusan kowace shekara, fita da zinari ba bisa ƙa'ida ba kuwa ɗauri ne. Ribar da ba ta da fargaba tana wajen ciyar da masu haƙar: shayi, sukari, gyaɗa, sabulu, takalman roba, fitilar hannu. Ko naman agashe, wanda sunansa ma daga bakin Hausawa Sudan ta karɓe shi, ba ya kwantai a irin waɗannan wurare.

Daga Atbara sai a ratsa hamadar Bayuda a kan kwalta zuwa Marawi da Karima, tafiyar yini ɗaya. A tafi da ruwa fiye da yadda ake zato. A nan Dutsen Barkal yake, da madatsar ruwan Marawi mai megawat 1,250 da aka buɗe a 2009, wadda ta tashi dubban mutanen Manasir daga ƙauyukansu. Jirage marasa matuƙi sun kai wa tashar wutarta hari a 2025, garuruwa suka kwana cikin duhu; kada a kusanci wurin, kada a ɗaga waya.

Daga Karima har Dongola ƙasar dabino ce, kuma ita ce zuciyar tafiyar. Barakawi shi ne busasshen da ke jure ajiya da doguwar hanya, shi ya fi yawa a kasuwa. Gundaila ya fi shi girma da tsada. Mai saye ya sa a zazzage buhu a gabansa ya duba na tsakiya, ya fasa 'yan ƙwayoyi ya ga ko ƙwaro ya shiga, ya kuma tambaya ko na bana ne, don ana cakuɗa shi da na bara. Mutanen yankin, Shaigiyya da Danagla da Mahas, ba su da gaggawar ciniki. Sai an sha shayi, an ci gurasar alkama da miya, kafin a yi maganar kuɗi. Bakano zai ji kamar yana gida idan ya ga gurasar, sai dai tasu ta fi kauri da laushi. A hanya za a ratsa Ad-Dabba, tsohuwar matattarar raƙuman da ake kora zuwa Masar. Waɗanda suka tsero daga Al-Fashir sun cika ta a ƙarshen 2025, bincike ya yi tsanani, don haka wanda ba shi da mai masauki a can ya wuce kawai. Dongola ta cancanci mako guda.

Wadi Halfa tana kimanin kilomita 400 gaba. Tsohon garin yana ƙarƙashin ruwa tun 1964, lokacin da tafkin madatsar Aswan ya cinye shi. Mashigai biyu ne zuwa Masar: Ashkit a gabas, da aka buɗe a 2014, da Argin a yamma, da aka buɗe a 2016. A Argin ne ɗaliban Nijeriya suka yi kwanaki a rana a ƙarshen Afrilun 2023 kafin a bar su su wuce. Tun Yunin 2023 Masar ta wajabta biza a kan kowane ɗan Sudan, mace da yaro da tsoho. Wanda ba shi da ita ya tsaya a Halfa ya ga farashin gari da man girki da robobi da taki kamar yadda manyan motoci ke sauke su, kwana 3 sun isa, ya juyo.

Maganar kuɗi kuwa, a Disamban 2024 gwamnati ta sauya takardun fam 500 da 1,000, kuma jihohin Nilu da Arewa suna cikin waɗanda aka fara canjin, don haka tsohuwar takardar da aka tono daga ajiya ba za ta sayi ko shayi ba. Yawancin ciniki ta manhajar Bankak ta Bankin Kartum ake yi. Amma layukan waya sun ɗauke a faɗin ƙasar a Fabrairun 2024, kuma idan babu wuta babu caji, saboda haka a raba ƙafa: wani a waya, wani a hannu, a ɓoye a wurare biyu.

Dawowa ta titin Shiryan Ash-Shimal ce, daga Dongola kai tsaye zuwa Omdurman, kimanin kilomita 500 cikin hamada. Idan aka haɗa zangunan nan, kwana 24 ko 25 ne. Ragowar a bar su don jiran mota, ko layin mai, ko shingen da ya riƙe mutum har dare. Buhunan dabinon kuwa a ɗora su a babbar mota tun daga Dongola, a karɓi takardar kaya mai sunan direba da lambar motar, a kira mai masauki na Omdurman ya san ranar da za su iso.