Takobin Samurai: Na Asali, Na Kwaikwayo da Na Jabu

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, domin waɗanda data ba ta bari su saurara ba.

Wani abokina ne, wanda muka yi jami'a tare, ya ja ni cikin maganar yau. Mutumin nan mayen fina-finan anime ne, tun da ya kalli Demon Slayer ya ƙudura sai ya mallaki katana, wato takobin samurai. Rannan ya miƙo min waya yana murna, wai ya samu wani mai sayarwa a intanet: takobi ɗan shekara 400, ƙirar hannu, har da takardar shaida. Kuɗin kuwa bai kai na wayar da yake nuna min hoton da ita ba. Na ce masa, “Kai mutumina, anya kuwa?” Ya ce ai sa'a ce. Da kayan suka iso, sai ga ƙarfe yana sheƙi kamar cokali, mariƙin yana kwarkwar. Muka cire mariƙin, muka tarar da wani siririn ƙarfe kamar ƙusa an liƙa da walda. Da ya kuskura ya wulwula shi da ƙarfi, ruwan takobin zai iya fita ya sari na kusa.

Abin da ya sa na zauna na karanci lamarin ke nan. Kuma abin da na fahimta shi ne, a duniyar masu tara takubban Japan, kwaikwayo ba abin kunya ba ne, har girmama shi ake yi. Ƙarya a kan wanda ya ƙera da lokacin da aka ƙera ita ce ke cinye kuɗin mutane. To bari mu bi abin daki-daki.

Mu fara da ƙarfen. Takobin gargajiya na Japan ana ƙera shi da wani ƙarfe da ake kira tamahagane. Sunan ya yi kama da tama tamu ta maƙera, amma dacewa ce kawai. Ana samunsa ne daga yashi mai ƙarfe, a narka shi da gawayi a cikin wani murhun laka mai suna tatara. Babban murhun da ke ba maƙeran ƙasar ƙarfe yana Okuizumo a lardin Shimane, kuma a 1977 aka farfaɗo da shi. Da sanyi ake hura shi. Kwana uku da dare uku ana zuba yashi da gawayi ba tsayawa, yashi wajen tan 10, gawayi wajen tan 12. A ƙarshe a fasa murhun a ciro dunƙulen ƙarfe da bai wuce tan uku ba, kuma a cikinsa ma wani kaso ne kaɗai ke da kyan da ake nema.

Ƙarfen nan ba ya fitowa da tsabta, shi ya sa maƙeri ke dukansa, ya ninke, ya sake duka. Ninki 15 yana ba da shimfiɗa 32,768. Kun ga inda zancen “an ninke shi sau dubu” ya samo asali, alhali shimfiɗun ne dubbai, ninkin bai cika wuce goma sha wani abu ba. Amfaninsa fitar da datti da daidaita ƙarfen, babu wani tsafi a ciki. Daga nan sai a naɗe ƙarfe mai taushi da mai tauri, domin baki ya riƙe kaifi, ciki kuma ya shanye duka kada takobi ya karye.

Sai matakin da ya fi haɗari. Maƙeri zai shafe takobin da laka, mai kauri a gadon baya, siririya a bakin. Ya sa a wuta har ya yi ja, sannan ya tsoma a ruwa. Bakin ya huce nan take ya yi tauri, bayan ya huce a hankali. Wannan bambancin ne ke ƙara wa takobin lanƙwasa, shi ne kuma ke haifar da zanen nan mai kamar igiyar ruwa a gefen kaifi, wanda ake kira hamon. Ku riƙe kalmar nan, za mu dawo kanta. A wannan tsomawar takobi kan iya tsagewa, aikin makonni ya tashi a banza.

To me ya sa na asali yake da tsada haka? Tarihi da doka ne. A 1876 gwamnatin Japan ta hana samurai yawo da takobi. A 1945, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin mamaya suka sa a miƙa makamai, aka lalata takubba masu ɗimbin yawa, wasu kuma sojojin Amurka suka tafi da su gida. A lokacin ne shahararren takobin nan Honjo Masamune, na gidan Tokugawa, ya ɓace bayan an kai shi ofishin 'yan sanda a Tokiyo a watan Disamba na 1945. Har yau ba a gan shi ba. Sai a 1953 aka sake halatta ƙira, wannan karon a matsayin aikin fasaha.

Yau a Japan ba ka isa ka buɗe maƙera ka fara ƙera katana ba. Sai ka yi aƙalla shekara 5 kana koyo a hannun maƙeri mai lasisi, sannan ka ci jarrabawar hukumar raya al'adu ta ƙasar. Bayan ka samu lasisin ma, dogayen takubba biyu kawai aka yarje maka a wata. Kowane takobi sai an yi masa rajista a hukumar ilimi ta lardi, a ba shi ɗan kati da zai riƙa bin sa duk inda ya je. Wanda aka buga da inji a wata ƙasa ba ya samun wannan rajistar. Ku yi lissafi da kanku: mutum mai takobi biyu a wata, da shi zai ci, ya sayi gawayi da ƙarfe. Ta yaya zai sayar maka a kuɗin waya?

Wannan ya kawo mu kan takobin da ake ƙera wa mutum na musamman. Mai tarawa zai tuntuɓi maƙeri, ya faɗi tsawon da yake so, da irin lanƙwasar, da irin hamon ɗin. Katana tana farawa ne daga kimanin santimita 60 zuwa sama, wakizashi tsakanin 30 da 60, tanto kuma ƙasa da 30. Amma fa maƙeri ruwan takobin kawai yake yi. Daga hannunsa sai mai washi, wanda shi ma kan yi wajen shekara goma yana koyo, ya kuma kwashe mako biyu ko uku a kan takobi ɗaya, yana sauya duwatsu daga mai kaushi zuwa mai laushi. Akwai mai yin zoben ƙarfe da ke riƙe takobi a bakin kube. Akwai mai sassaƙa kuben da icen honoki. Akwai mai lulluɓe mariƙi da fatar wani kifi mai ƙurzunu, ya naɗe da igiyar siliki. Akwai mai ƙera tsuba, faifan da ke kare hannu. Shi ya sa jira kan kai shekara ko fiye, kuɗi kuma daga yen miliyan ɗaya zuwa sama ake magana. A ƙarshe maƙerin zai sassaƙa sunansa da kwanan wata a jelar takobin, wato ɓangaren da ke ɓoye cikin mariƙi, wanda suke kira nakago. Idan ka nema, har naka sunan sai a sa.

Yauwa, yanzu ga ɓangaren da ya fi burge ni. Japanawa suna da al'adar da suke kira utsushi: maƙeri ya ɗauki wani tsohon takobi mai suna, ya yi nazarin tsawonsa da zanensa, ya ƙera irinsa. Ta haka ake koyon sirrin magabata. Misali shi ne Hotarumaru, wani dogon takobi na wurin bautar Aso a lardin Kumamoto, wanda shi ma ya ɓace bayan yaƙi. A 2015 wani matashin maƙeri daga garin Seki ya nemi gudummawar jama'a ta intanet domin a sake ƙera shi. Yen miliyan 5.5 ya nema, aka tara masa wajen miliyan 45. Da yawa cikin masu bayarwar matasa ne, musamman mata, da suka san takobin ta hanyar wasan Touken Ranbu da ya fito a shekarar. A 2017 aka miƙa sabon takobin ga wurin bautar. Babu wanda ya ce shi ne na dauri. Kowa ya san sabo ne, an san hannun da ya yi shi, kuma darajarsa a nan take.

Kishiyar wannan ita ce gimei, sa hannun ƙarya. A ɗauki takobin wani maƙeri da ba a sani ba, a sassaƙa masa sunan babba. Tsohuwar sana'a ce, ba yau aka fara ba. Nagasone Kotetsu, maƙerin birnin Edo na ƙarni na 17, an yi ta satar sunansa har masana suka riƙa cewa in ka ga sunan a jikin takobi, ka fara ɗaukarsa jabu ne. Saboda haka masu tarawa ke dogara da ƙungiyar adana takubba ta NBTHK, wadda aka kafa a 1948. Tana duba takobi ta ba shi takarda mataki huɗu: Hozon, Tokubetsu Hozon, Juyo, da Tokubetsu Juyo a can sama. Takardar tana ɗauke da hoto ko zanen jelar takobin, domin a gwada a ga ko tasa ce. Ita ma fa ana buga ta jabu. Kuma katin rajista na gwamnati bai ce sa hannun gaskiya ne ba, izinin mallaka ne kawai.

To wanda ba shi da miliyoyi fa, ya haƙura? A'a. Garin Longquan a lardin Zhejiang na Chaina ya daɗe da suna wajen ƙera takubba, kuma yawancin katana masu sauƙin kuɗi da kuke gani a intanet daga can suke. Ana yin su da ƙarfen zamani mai lamba irin 1060 ko 1095 ko T10. Wasunsu suna da ƙarko sosai, har masu koyon sara ke amfani da su. Akwai kuma iaito, takobin atisaye marar kaifi, wanda galibi ake yi da haɗin alminiyom da zinki. Duk waɗannan babu laifi a cikinsu, muddin an faɗa maka abin da kake saya. Wanda ya kamata a guda shi ne irin na abokina: ƙarfen da ba ya tsatsa, irin na cokali, wanda in ya yi tsawo yake saurin karyewa, ga jela kamar ƙusa. Wannan na ratayewa a bango ne, ba na wulwulawa ba.

Ga abin da za ka yi kafin ka tura ko sisi. Ka ce a cire mariƙi a nuna maka jelar. A takobin kirki 'yar turakar gora ce ke riƙe da mariƙin, cirewa ba wuya, mai gaskiya ba zai ƙi ba. Ka dubi hamon ɗin: in ka ga tudu da kwari iri ɗaya sak kamar haƙoran zarto, ga shi iri ɗaya a duk takubban shagon, to da burushin waya aka goga shi ko aka zana da asid. Ka tambayi sunan maƙerin, da irin ƙarfen, da ƙasar da aka ƙera. In an ce tsoho ne daga Japan, ka nemi ganin takardar izinin fitar da shi, domin tsohon takobi ba ya barin ƙasar sai hukuma ta tabbatar ba ya cikin kayan tarihin da aka hana fitarwa. In kuma kuɗin ya yi araha fiye da hankali, ka tuna araha ba ta ado.

In Allah ya sa na asali ya zo hannunka, kada ka taɓa ruwansa da yatsa, gumi na jawo tsatsa. A goge, a shafa mai kaɗan, a ajiye inda babu laima, musamman da damina. Kada ka kai wa mai washin wuƙa, kada ka sa masa sanfefa. Baƙar tsatsar da ke jikin jela kuwa kada ka kankare ta, da ita masana ke gane shekarun takobi, gogewa ɗaya na iya zubar da darajarsa.

Sannan jama'a, kada ado ya sa mu manta cewa makami ne. Birtaniya ta hana cinikin lanƙwasassun takubba masu santimita 50 zuwa sama tun 2008, in ban da irin tsofaffi da na ƙirar gargajiya, saboda yadda ɓata-gari ke amfani da masu arahar. Mu da muke fama da matsalar daba a unguwanninmu mun san abin da ƙarfe mai kaifi ke yi a hannun yaro mai fushi. Ka tambayi kwastam da 'yan sanda abin da doka ta ce kafin ka yi oda, ka kulle shi inda yara ba sa kaiwa, kuma ba abin fita yawo ba ne ko ɗaukar bidiyon burga.

A 2020 birnin Setouchi ya sayi takobin Sanchomo, wanda sarkin yaƙi Uesugi Kenshin ya taɓa riƙewa, a kan yen miliyan 500 da jama'a suka tara, domin ya koma yankin da aka ƙera shi. Abin da ya sa suka yarda suka biya shi ne an san hannayen da takobin ya bi tsawon ɗaruruwan shekaru. Abokina kuwa ya rataye nasa a bango, yanzu yana tara kuɗin iaito, kuma ya ce wannan karon sai ya ga jela kafin ya biya.

A nan za mu dakata. Wanda ya san wani da ke shirin yin irin wannan odar, ya tura masa ya karanta tukuna. Sai mun haɗu a shiri na gaba in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.