Yadda Ake Sassaƙa Biro Na Katako

Kowannenmu yana riƙe biro kusan kullum, amma ba kowa ya taɓa tsayawa ya yi tunanin yadda ake yin sa ba. Sunan kansa ya samo asali daga wani ɗan jarida mutumin ƙasar Hangari, Laszlo Biro, wanda ya yi rajistar irin wannan alƙalami a shekarar 1938. Daga baya aka fito da wanda bakinsa yake shiga ya fita. Akwai mai dannawa, kamar Jotter da kamfanin Parker ya fito da shi a 1954, akwai kuma mai murɗawa. Yawancin waɗanda muke saya a kasuwa na roba ne, in tawada ta ƙare sai a yar. Amma a ƙasashe kamar Amurka da Ingila akwai mutane da yawa da suke yin nasu da hannu, su yi masa jiki na katako. Za mu bayyana yadda ake yi, domin aiki ne da ke koya wa mutum awo da haƙuri.

Da farko ya kamata mu sani cewa mai wannan aiki ba shi ke ƙera ƙarafan biron ba. Sayensu yake yi a ƙunshi guda, kuma galibi daga Taiwan ko Sin ake kawo su. A cikin ƙunshin siririn biro mai murɗawa akwai bututun tagulla guda 2, kowane tsawonsa kimanin santimita 5, da bakin biro, da zoben tsakiya, da maƙalin aljihu, da hular baya, da bututun tawada, da kuma ɗan ƙarfen nan da ke tura bakin waje in an murɗa. Aikin mai sassaƙa shi ne ya yi wa bututun tagullan nan riga ta katako.

Sai zaɓen katako. Guntu kaɗan ake bukata, tsawon kimanin inci 5, kauri kuma bai cika inci 1 ba. Itace mai ƙarfi da ƙwayarsa take a matse shi ya fi dacewa. Masu wannan sana'a suna son itacen zaitun na Baitalami saboda zanen da ke jikinsa, suna kuma neman itatuwan Afirka ƙwarai. A wurinmu maɗaci da kanya da ƙirya da kawo duk za su yi. Sharaɗi ɗaya ne, wato katakon ya bushe sarai. Mun saba jin cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma a nan ɗanye ba shi da amfani. Katako yana tsukewa yayin da yake bushewa, tagullar da ke cikinsa kuwa ba ta tsukewa tare da shi. Ƙarshenta sai ya tsage bayan an gama wahala.

Mataki na farko shi ne a yanka guntun gida 2 da zarto, kowane ya ɗan fi bututunsa tsawo. Kafin a yanka, sai a ja layi da fensir a kan wurin yankan, domin a gane yadda za a haɗa su daga baya zanen itacen ya bi juna. Sa'an nan a huda kowane a tsakiya da bakin huji mai faɗin milimita 7. A hankali ake hudawa, ana fito da bakin ana kakkaɓe gari, gama zafi yana iya fasa katakon. Bayan haka a goge bayan bututun tagulla da sanfefa ya yi kaushi, a shafa masa gam mai ƙarfi, a tura shi cikin hujin. In gam ya kama, sai a daidaita bakin katakon ya yi daidai da bakin tagulla. A nan ne da yawa suke ɓata aiki. In bakin ya karkace, za a ga tazara bayan an haɗa biron. In kuma aka ci tagullar, bututun ya gajarce, tawada za ta leƙo fiye da kima.

Yanzu sai injin sassaƙa mai juyawa. Bambancinsa da sassaƙar turmi ko kujera shi ne, a nan katakon ne yake juyawa, mai aiki kuwa yana riƙe da ƙarfen sassaƙa a kan madogara. Ana zura guntayen biyu a wata siririyar sandar ƙarfe, a sa ƙananan zobban awo a tsakaninsu da kuma gefe da gefe. Kaurin zobban nan daidai yake da kaurin ƙarafan biron, saboda haka su ne iyaka. Injin yana juyawa sau dubu 2 zuwa 3 a minti ɗaya. Ana fara cinye kusurwoyi har guntun ya zama mulmulalle, sa'an nan a ci gaba da ragewa kaɗan-kaɗan. A bakin siririn biro, katakon da yake saura a kan tagulla bai kai milimita 1 ba. Kuskure guda ya isa ya tona tagulla a fili, kuma abin da aka sassaƙe ba ya komawa. Don haka gwanaye sukan tsaya kafin su kai iyaka, su bar wa sanfefa sauran aikin.

Ana fara gogewa da sanfefa mai kaushi, kamar lamba 150, a bi su daki-daki har zuwa 400 ko 600. Kada a tsallake lamba. Bayan kowace, sai a tsai da injin a goge ta tsawon itacen, don a share zanen da juyawa ta bari. Daga nan a shafa kakin zuma ko man goge katako. Waɗansu kuma suna shafa gam mai saurin bushewa sau da yawa, su goge shi har ya yi ƙyalli kamar gilashi, wannan ya fi jure gumin hannu.

Haɗawa ita ce ta ƙarshe. Matsa ƙarafan ake yi su shiga bututun, ba a buga su da guduma. Wanda ya fi bukatar lura shi ne ƙarfen murɗawa. A tura shi kaɗan, a sa tawada a gwada, a ƙara turawa. In ya wuce wurinsa, bakin biron ba zai koma ciki ba, sai ya ɓata aljihun riga, fito da shi kuma da wuya.

Dole mu yi gargaɗi a kan haɗari. Kada ɗalibi ya taɓa injin in ba malami a wurin. A sa tabarau na kariya, a rufe hanci saboda ƙura, a naɗe hannun riga, a cire agogo da sarƙa. Kada a naɗe tsumma a yatsa lokacin gogewa, gama injin yana iya fizge shi tare da yatsan. Rigakafi ya fi magani.

Akwai kuma batun itatuwa. An sare maɗobiya da yawa a Taraba da waɗansu wurare na Afirka ta Yamma ana kai wa Sin, har a 2017 aka sa ta cikin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe. Biro ba ya bukatar a sare ko reshe guda. Guntayen da kafinta yake zubarwa, ko ƙafar tsohon benci, sun isa a yi biro da yawa, ga shi kuma sun riga sun bushe.

Ɗalibai, in kun lura, yawancin abin da ke sa biron ya yi kyau ana yin sa ne tun kafin a kunna inji: busasshen katako, huji madaidaici, da baki wanda ya daidaita. Wanda ya yi waɗannan da natsuwa zai sami biron da in tawadarsa ta ƙare sai dai a sa sabuwa, ya ci gaba da rubutu da shi shekara da shekaru.